TAKEN FIM: Abin Da Ya Sa Wani Kiɗa Ba Ya Barin Kunne

Daga Wakilinmu na Arewa

Jama'a masu karatu, musamman 'yan'uwanmu mazauna Kurmi, ga wata 'yar jarrabawa wadda kowa zai iya yi ba tare da ya kashe ko kwabo ba. In ka sami dattawa zaune a Agege, ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun, ko Shagamu, irin waɗanda suka yi samartakarsu a zamanin gidajen sinima, ka ɗan yi musu fiton kiɗan nan na fim ɗin kaboyi mai kama da kukan dila. Kafin ka rufe baki za ka ga wani ya yi murmushi, wani ya ƙarasa maka sauran, wani kuma ya soma ba ka labarin dogon Baturen nan mai guntun sigari a gefen baki. To, sai ka tambaye su sunan wanda ya tsara kiɗan. Nan fa za a yi tsit.

Wannan fim ya fito tun cikin shekarar 1966, sunansa The Good, the Bad and the Ugly, watau Nagari da Mugu da Mummuna, wanda ya tsara kiɗansa kuwa wani mutumin Italiya ne, Ennio Morricone. Yawancin gidajen da aka nuna shi sun daɗe da rufewa. Pen Cinema ta Agege yau suna kawai ya rage, 'yan kwandasta ke kiransa. Amma kiɗan yana nan daram a kawunan mutane. Kowace shekara ana yin dubban finafinai a duniya, kuma da wuya ka sami wanda ba shi da kiɗa, amma kusan duka kafin ɗan kallo ya isa bakin ƙofa ya manta da abin da ya ji. Me ya raba waɗannan 'yan ƙalilan da sauran?

AMSAR TANA CIKIN GIDANMU

Bahaushe ba ya bukatar zuwa makarantar kiɗa kafin ya gane wannan al'amari, domin yana da kalmarsa tun kaka da kakanni, watau take. Ku tuna filin dambe bayan kaka. Ɗan dambe yana zaune can gefe cikin jama'a, babu wanda ya ambaci sunansa, sai makaɗi ya ɗan matse kalangu ya juya hannu. Nan take za ka ga mutum ya zabura ya miƙe, jikinsa yana tsuma, yana kirari, jama'a kuwa tun ba su gan shi ba sun san ko wane ne aka kira. Haka sarki yake da takensa a bakin kakaki da algaita, mahauta da nasu a kalangu, manoma a gangar noma. Maƙwabtanmu Yarbawa ma, kamar yadda kuke gani a bukukuwansu, ganga tana kiran mutum da kirarin gidansu har ya sa hannu a aljihu.

Take gajere ne, na mutum ɗaya ne ko na sana'a ɗaya, kuma ana ta maimaita shi har ya manne da mai shi. Duk mai tsara kiɗan fim da ya yi suna a duniya, in ka bincika, wannan sana'a ce ya iya. Turawa suna danganta dabarar ga wani Bajamushe, Richard Wagner, wanda ya rasu a 1883. A cikin wasanninsa na waƙa ya kan ba kowane jarumi, har da takobi da zobe, ɗan guntun karinsa, wanda zai dawo duk sa'ad da aka zo kansa. Da finafinai suka soma magana a 1927, sai makaɗan da suka taso a Turai suka kai dabarar Amurka. Max Steiner, mutumin Ostiriya, ya yi amfani da ita a fim ɗin ƙaton birin nan King Kong cikin 1933. A Indiya kuwa fim na farko mai magana, Alam Ara na 1931, da waƙoƙi bakwai ya zo, kuma tun daga ranar fim da waƙa ba su rabu ba a ƙasar.

SAUTI BIYU RAK

Sharaɗi na farko shi ne gajarta. Abin da yaro ba zai iya yin fitonsa a kan hanyar makaranta ba, da wuya ya zama take.

A shekarar 1975 wani saurayin darakta a Amurka, Steven Spielberg, ya yi fim mai suna Jaws a kan wani ƙaton kifin teku mai cin mutane. An ƙera kifin na inji, amma ruwan gishiri ya yi ta lalata shi, har ya zamana a yawancin fim ɗin ba a iya nuna shi ba. Da aka kai aikin kiɗa wurin John Williams, sai ya zauna gaban fiyano ya danna sauti biyu masu kauri, maƙwabtan juna, yana ta yi musu kai-da-kawo. Spielberg ya yi dariya, ya zaci wasa ake yi masa. Ashe waɗannan sauti biyu su ne za su zama kifin. In yana nesa sai su zo a hankali, ƙasa-ƙasa. In ya matso sai su ƙara sauri da ƙarfi, kamar bugun zuciyar wanda aka biyo. Ɗan kallo ba ya ganin komai sai ruwa da ƙafafun masu wanka, amma cikinsa ya riga ya ɗuri ruwa.

Hausawa suna cewa gani ya kori ji. A nan kam ji ne ya tsaya a madadin gani, kuma Spielberg da bakinsa ya sha faɗa cewa rabin nasarar fim ɗin ta kiɗan ce.

Akwai wata hikima kuma da ya kamata a lura da ita. Williams bai yi wa 'yan kallo ƙarya da taken ba. Akwai wurin da wasu yara biyu suka ɗaura ƙayar kifi ta kwali suka tsorata mutane a bakin teku, kuma a wannan wuri ba a kaɗa taken ba, domin ba kifin ba ne. Sai da mutane suka amince cewa in babu kiɗa babu haɗari, sa'an nan can gaba aka fito musu da kan kifin kwatsam, ba kiɗa ba sallama. Makaɗin dambe ma ya san wannan doka: in ka riƙa kaɗa taken Shago ga kowane ƙaramin ɗan dambe, ran da Shago ya shigo fili taken ba zai tsuma kowa ba.

MURYAR DA BA TA DA NA BIYU

Sharaɗi na biyu shi ne abin da aka kaɗa karin da shi. Mutum ya kan gane muryar mahaifiyarsa a cikin kasuwa tun bai ji abin da take faɗa ba. Haka take yake.

Mu koma kan Morricone. An haife shi a birnin Rum a 1928, ya koyi busa da tsara kiɗa a babbar makarantar kiɗa ta Santa Cecilia. Darakta Sergio Leone, wanda suka yi firamare tare, ya neme shi a 1964 domin fim ɗin A Fistful of Dollars. Kaboyin Amurka na wancan zamani da babbar ƙungiyar makaɗa ake yi musu kiɗa, su kuwa waɗannan Italiyawa a ƙasar Sifen suke ɗaukar fim ɗinsu da ɗan kuɗi kaɗan. Rashin kuɗin nan sai ya zama alheri. Morricone ya tattaro abubuwan da ba a saba ji a sinima ba: fito da baki, da karar bulala, da ƙararrawa, da bambaro, da jita mai lantarki, da muryoyin maza suna gurnani. Mai yin fiton sunansa Alessandro Alessandroni, kuma miliyoyin mutane sun san fitonsa ba su taɓa jin sunansa ba.

A fim na uku, wanda muka fara ambata, Morricone ya kwaikwayi kukan wani karen jeji na Amurka, ɗan'uwan dila. Karin ɗaya ne, amma ya raba shi ga mutum uku. Nagari da sarewa ake busa masa, Mugu da wani abin busa na yumɓu mai kaurin murya, Mummuna kuwa da muryar mutane ake yi masa ihu. Ko idonka a rufe yake ka san wanda ya shigo, kuma ka fahimci abin da daraktan yake nufi, cewa su ukun nan jirgi ɗaya ya kwaso su, kowa zinariyar yake nema.

A Indiya ma an yi gwani irin wannan, Rahul Dev Burman. A fim ɗin Yaadon Ki Baaraat na 1973 da cokali da kofin gilashi ya buɗe wata waƙa. A Sholay na 1975 ya sa an busa bakin kwalba, sa'an nan ya ba mugun nan Gabbar Singh wani irin kuka mai tayar da tsikar jiki, wanda da ka ji shi ka san ɗan fashin yana kusa.

KIƊA MAI ƊAUKE DA LABARI

Sharaɗi na uku ya fi sauran nauyi. Kari mai daɗi kawai ba ya isa, sai an ɗaura shi a jikin wani abu da ya taɓa zuciyar ɗan kallo.

A 1968 Leone da Morricone suka yi Once Upon a Time in the West. A nan an juya al'ada, domin sai da aka gama tsara kiɗan kafin a ɗauki hoto, kuma ana sa shi a wurin ɗaukar fim, 'yan wasa suna tafiya bisa karinsa. Charles Bronson ya fito a matsayin wani baƙo marar suna, mai yawo da ɗan abin busa na baki wanda ake ce wa hamonika. Busar tasa ba ta da daɗi, kamar numfashin mai shaƙewa take. Sai a ƙarshen fim ake nuna dalili. Tun yana yaro mugun ya rataye wansa, ya tsayar da shi a kan kafaɗar yaron, sa'an nan ya cusa wa yaron hamonika a baki. Da ƙafafun yaron suka gaza, wan ya mutu. Ashe duk busar da aka yi ta ji tun farkon fim numfashin wannan yaro ce. Wanda ya kalli wannan wuri sau ɗaya ba ya sake jin busar a matsayin kiɗa kawai.

Masu kallon Indiya za su tuna irin wannan a Sholay. Da dare Jai, watau Amitabh Bachchan, ya kan zauna a waje yana busa hamonika, ita kuma Radha, matar da mijinta ya mutu, tana sanye da fararen kaya tana bi tana kashe fitilu a saman bene. Ba su ce wa juna uffan ba, busar ce take faɗin abin da al'ada ta hana su faɗa. Ga wanda ya san yadda Jai ya ƙare, jin busar nan kaɗai ya isa ya sa shi ya yi shiru. Wannan fim sai da ya shekara biyar ana nuna shi a gidan sinima guda, Minerva ta birnin Bombai.

Shi ya sa za ka ga dattijo ya ji tsohuwar waƙar Mother India, fim ɗin 1957 wanda Naushad ya yi wa kiɗa, idonsa ya kawo ruwa alhali ko kalma ɗaya ta Indiyanci bai sani ba. Uwar nan manomiya da mai ba da bashi ya addaba yake tunawa, wataƙila kuma tasa uwar da ya baro a gida.

JAMA'A KE NAƊA TAKE

Sharaɗi na huɗu ba a hannun makaɗi yake ba. Shi dai ya tsara, amma maimaici da bakin jama'a su ke mayar da kari ya zama take.

Dubi James Bond. Tun daga Dr. No na 1962 har zuwa 2021 kamfani ɗaya ya yi finafinai 25, kuma mutum shida suka hau wannan matsayi, daga Sean Connery zuwa Daniel Craig. Fuska tana sakewa, kiɗan jitar nan yana nan yadda yake. Tamkar sarauta ce, sarki ya kan ƙaura, tambari ya jira na gaba. Haka kiɗan Star Wars da Williams ya tsara a 1977, da taken mugun nan Darth Vader da ya ƙara a 1980: kakan da ya ji su a sinima da jikan da ya ji su a waya duk sun san su.

A Indiya an taɓa gwada hana wannan guguwa. A 1952 ministan watsa labarai ya taƙaita sa waƙoƙin fim a gidan rediyon gwamnati, wai suna ɓata tarbiyyar kunne. Sai jama'a suka murɗa akwatunansu zuwa Rediyon Silon, ƙasar da yanzu ake kira Siri Lanka, inda wani shirin mako-mako na waƙoƙin fim ya zama abin da ba a yarda a rasa ba. Daga baya dole gwamnati ta sassauto.

Mu ma nan ganau ne. Gidan sinima na farko a Kano, Rex, an buɗe shi a 1937, kuma cikin shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka soma kawo finafinan Indiya. Kafin a ce kwabo kare-karen sun fita daga sinima sun shiga gari, ta faifan garmaho da rediyo, daga baya kaset. 'Yan mata suka sa musu kalmomin Hausa, 'yan makarantun Islamiyya ma haka, har aka sami ƙungiyar masu bandiri a Kano, Ushaƙu Indiya, waɗanda suke ɗaukar karin fim su ɗora masa yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Malamai sun yi ta muhawara a kan dacewar haka. Mu dai abin da ya shafe mu a nan shi ne, kari ya tsallake teku, ya bar harshensa da labarinsa a baya, amma duk da haka ana jinsa a gane shi.

KURA DA SHAN BUGU

Yanzu sai mu zo wurin da ke da ban takaici. In take ya yi ƙarfi sosai, ya kan haɗiye sunan mai shi.

Lokacin da A Fistful of Dollars ya fara fita, ba a ma rubuta sunan Morricone a jikinsa ba. Domin 'yan kallo su zaci fim ɗin Amurka ne, sai aka laƙaba masa sunan aro, Dan Savio, kai ka ce wani Bakatsine ne. Ya yi wa finafinai fiye da 400 kiɗa, amma lambar yabo ta Oska sai a 2007 aka ba shi ta girmamawa, ta gasa kuwa sai 2016, yana da shekara 87. Ya rasu a 2020.

Taken Bond har kotu ya kai. Monty Norman ne ya tsara karin, asalinsa ma daga wata waƙa ce da ya yi wa wani wasa a kan Indiyawan tsibirin Tirinidad, wasan da bai kai ga fitowa ba. John Barry kuwa shi ya yi masa ado da jita da ƙahonni har ya zama yadda muka san shi. Da wata jaridar Ingila ta rubuta cewa Barry ne mai kiɗan, Norman ya kai ƙara, kuma a 2001 kotu ta ba shi gaskiya da diyyar fam 30,000. Shi kuwa Vic Flick, wanda yatsunsa suka kaɗa jitar, fam 6 aka sallame shi da shi a ranar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Burman ma a ƙarshen rayuwarsa masu shirya fim sun juya masa baya. Ya rasu a farkon 1994 yana da shekara 54, kuma bayan rasuwarsa ne waƙoƙin da ya yi wa fim ɗin 1942: A Love Story suka game Indiya.

NAMU FA?

Finafinan Hausa na bidiyo sun soma da Turmin Danya a Kano cikin 1990, kuma wajen shekarar 2000 fim ɗin Sangaya ya nuna cewa karin da aka yi a gida zai iya cika kasuwa da gidan biki. Tun daga nan an sami mawaƙa masu baiwa ƙwarai. Amma in za a faɗi gaskiya, ƙarfin ya fi tafiya wajen waƙar soyayya da rawa. Kiɗan da ke bin labari daga baya sau da yawa daga fiyano ko kwamfuta ake ɗebo shi a shirye, sautin da aka sa wa mugu a wannan fim shi za a sa wa uwar miji a wancan. Ta yaya ɗan kallo zai riƙe abin da ba na kowa ba?

Abin mamaki, ilmin da ake nema yana nan a bakin ƙofa. Morricone da bambaro da bulala ya girgiza duniya. Mu muna da kalangu mai magana, da goge, da garaya, da kukuma, da sarewar makiyaya, kuma muna da tsofaffin makaɗa waɗanda aikinsu ke nan tun suna yara, su dubi mutum su ƙaga masa karin da zai bi shi har kabari. Waɗannan tsofaffi suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu da yawa sun kama wata sana'a. Samarin da ke tsara kiɗan fim, da za su je su zauna a gabansu su koya, su kuma biya su haƙƙinsu, su rubuta sunayensu a jikin fim, da an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Ku kuma 'yan'uwa da ke Kurmi, maganar ta fi shafarku. Yaran da aka haifa a Legas ko Fatakwal sun san taken Bond, sun san na Indiya, kuma babu laifi a cikin wannan. Amma ku gwada tambayarsu taken sarkin garinku, ko na sana'ar kakansu. In makaɗa suka zo Zango da Salla, ko aka buɗe dambe a unguwa, ku kama hannunsu ku je, ku ce musu su kasa kunne, ku gaya musu wanda ganga take kira. In kuma kun zauna kallon fim, kada ku yi saurin kashewa da an gama. Ku dakata sunaye su wuce, ku ga wanda ya tsara kiɗan, domin shi ma ya yi gumi.

Allah Ya ba kowa sa'ar abin da ya fito nema, Ya mai da mu gida lafiya. Sai mako mai zuwa.